Ku fita daga Scratch haka nan: zare ga 'yan kodin na Funtua da Malumfashi

1/
Zaren nan mai tsawo ne, kuma na san wasu za su ji haushi. Duk wanda ya haura shekara 17 a Funtua, Malumfashi, Bakori, Ƙafur ko Ɗanja, namiji ko mace, ya shafe wata shida yana jan bulo a Scratch, kuma har yau malaminsa bai ce masa "tashi mu koma injin haɗa gem na gaske" ba, to wallahi cutarsa ake yi. Ku biyo ni a hankali, in kawo hujja. 🧵

2/
Kafin a fara jifana: ban ce Scratch banza ba ne. Wata cibiya a jami'ar MIT ta Amurka ce ta fito da shi a 2007, ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, kuma su da kansu sun ce don yara 'yan shekara 8 zuwa 16 suka tsara shi. Aikinsa ya nuna wa yaro yadda kwamfuta ke bin umarni ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin kuwa yana yin shi da kyau.

3/
Amma duk wanda ya taɓa noman rani a Ɗanja ya san irin tumatir ba ya dawwama a inda aka rene shi. Sati huɗu ko biyar, a cire a dasa. Ka bar shi ya wuce lokaci, sai ya yi tsawo ya rame, tushensa ya cukurkuɗe da na 'yan uwansa, ko ka dasa daga baya ba zai yi 'ya'yan kirki ba. Scratch wurin renon iri ne. Mu kuma mun mayar da shi gona.

4/
Ga katangun da aka gina a cikinsa. Filin da gem ɗinka ke gudana 480 ne a faɗi, 360 a tsaye, ba ya ƙaruwa. Kwafin abu guda, kamar harsashi ko tsuntsu, ba ya wuce 300 a lokaci ɗaya. Hoton yana sabuntawa sau 30 a daƙiƙa. Ka yi niyyar gonar masara mai shuka dubu, kowace da girmanta, a kan ta 301 zai tsaya maka. Da gangan aka yi haka, don na yara ne.

5/
Sai maganar mallaka. Duk abin da ka saki a shafin Scratch, kowa na da damar ɗauka ya canza ya sake saki, in dai ya ambaci sunanka. Ga ɗan firamare wannan alheri ne, yana koyo daga aikin wasu. Ga wanda ke son wata rana ya sayar da abin da ya haɗa fa? Babu wurin saka farashi a can. Babu ma hanyar fitar da fayil ɗin APK kai tsaye.

6/
Na san wani zai ce, "Malam, akwai TurboWarp." Eh akwai. Yana cire iyakar 300 ɗin, yana ƙara gudu, yana iya naɗe maka aikinka ya zama fayil mai zaman kansa. Madalla da shi. Amma ka lura da abin da kake yi: kana ɗaura wa keken yara injin babur. Wahalar da za ka sha wajen lallaɓa shi, da ka sha ta a kan babur ɗin tun farko, da yanzu ka iya tuƙi.

7/
Babbar matsalar ma ba waɗannan ba ce. A Scratch ba ka iya yin kuskuren rubutu, bulon da bai dace ba ƙin shiga yake yi. To alhali rabin sana'ar kodin karanta jan rubutun da kwamfuta ke watso maka ne: layi na 42, ka kira abin da babu shi. Ka karanta, ka gane, ka gyara. Wanda bai taɓa kwana da irin wannan ciwon kai ba bai fara koyon sana'ar ba tukuna.

8/
Yanzu bari in zo kan waɗanda na yi zaren dominsu. Cibiyoyin koyar da kwamfuta da ke tara samari masu gemu da 'yan mata da suka gama sakandare, a karɓi kuɗinsu ko a karɓo daga wani ɗan siyasa, a yi wata uku, wata shida, kyanwa tana tafiya tana cewa miyau. Ranar yaye ɗalibai a ɗinka riguna, a raba satifiket, a ɗauki hoto, a sa a Facebook: "Mun yaye masana kodin." Haba jama'a.

9/
Me ya sa suke tsayawa a nan? Saboda sauƙi. Scratch ba ya ba malami kunya a gaban aji. Babu jan rubutun da zai fito malam ya rasa amsa. Wasu malaman ma iyakar abin da suka sani ke nan, kuma maimakon su ce wa ɗalibai "mu koya tare", sai su ja kwas ɗin sati huɗu ya zama na wata shida. Ɗalibi ya fito da takarda a hannu, kansa kuma babu abin da zai iya ginawa.

10/
To mene ne injin gem? Manhaja ce da ta riga ta ɗauke maka manyan wahalhalu: zana hoto a allo, sauti, karo tsakanin abubuwa, faɗuwar abu ƙasa, taɓa allon waya, adana inda ɗan wasa ya tsaya. Kai kuma ka rubuta dokokin gem ɗinka da hannunka. In ka gama, injin ya fitar maka da shi ya zama APK na Android, ko na Windows, ko na burauza. Abinka ne, da sunanka, da tambarinka.

11/
Manyan da aka fi sani uku ne: Unreal, Unity da Godot. Unreal na kamfanin Epic ne, da shi aka yi Fortnite. Kyauta ne har sai gem ɗinka ya kawo dala miliyan 1, daga nan su karɓi kashi 5 cikin 100. Amma yana son kwamfuta mai ƙarfin gaske da data mai yawa. Laftof ɗin da yawancinmu ke saye na hannu, ko buɗe shi ba zai yi da daɗi ba. Mu ajiye shi gefe.

12/
Unity fa? Injin kirki ne, gem ɗin waya da yawa da shi aka yi. Amma ku ji abin da ya faru. A Satumban 2023 kamfanin ya wayi gari ya ce gem ɗin da ya kai wani mataki zai riƙa biya har senti 20 duk lokacin da wani ya sauke shi a na'urarsa. Duniya ta yi caa. Shugaban kamfanin, John Riccitiello, ya sauka a Oktoba. Sai a Satumban 2024 aka soke tsarin gaba ɗaya.

13/
An soke, gaskiya ne. Amma darasin ya zauna: wanda ke noma a gonar aro, ranar da mai gona ya tashi da wani tunani, ba a tambayar ra'ayinsa. Ai kayan aro ba ya rufe katara. A wannan rikicin kamfanin Re-Logic, masu gem ɗin Terraria, ya ba Godot gudummawar dala 100,000. Masu Slay the Spire kuma suka kwashe kashi na biyu na gem ɗinsu daga Unity suka koma Godot.

14/
Godot: wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka gina shi, suka buɗe shi ga kowa a 2014 da lasisin MIT. Ba rajista, ba kuɗin wata, ba kason da za a cire maka in ka yi ciniki. Siga ta 4 ta fito a Maris 2023. Brotato, Dome Keeper, Cassette Beasts, duk da shi aka yi su, kuma mutane sun saye su da kuɗinsu. Shi nake ba ku shawara. Yanzu mu bi uzurori ɗaya-ɗaya.

15/
Uzuri na 1: "Laftof ɗina tsoho ne." Godot ba ya buƙatar a girka shi ma. Ka sauke, ka warware fayil ɗin, ka danna, ya buɗe. Lokacin fara sabon aiki zai tambaye ka salon zane. Ka zaɓi wanda aka rubuta Compatibility, an yi shi ne don tsofaffin na'urori da wayoyi masu ƙaramin ƙarfi. In gem mai shafe ne, irin na 2D, tsohon laftof na hannu yakan ɗauka lafiya.

16/
"Ni ko laftof ɗin ba ni da shi." To Godot yana da siga ta Android, tana nan a Play Store, editan ne sukutum a cikin wayarka. Ka samo kibod da linzami masu araha, ka haɗa ta OTG ko Bluetooth. Ba zan yi maka ƙarya ba, allon waya ƙarami ne, za ka sha matsi, laftof ya fi. Amma wayar da ke ɗaukar Free Fire har ƙarfe biyun dare ba za ta gaza buɗe edita ba.

17/
Uzuri na 2: "Data." Shi editan na Windows bai kai megabait 100 ba a naɗe. Bidiyon TikTok na yini guda ya fi shi cin data. Abin da ke da nauyi shi ne fayilolin da ake buƙata ranar fitar da gem, su kam sun kai ɗaruruwan megabait. Maganinsa: mutum ɗaya ya sauke da datar dare, sauran su karɓa ta filasha ko Xender. Yadda kuke raba fina-finan Indiya fassarar Hausa, haka za ku raba wannan.

18/
Mu 'yan kudancin Katsina ma mun fi kowa sanin darajar abin da ke aiki ba intanet. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Funtua, Bakori, Malumfashi, Faskari, Sabuwa da Ɗandume. Watanni aka yi. Godot ba ya neman ka shiga da sunanka kafin ya buɗe, kuma bayanin kowane umarni yana cikinsa, F1 kawai za ka danna. A ɗauke sabis, aikinka na tafiya.

19/
Uzuri na 3: "Ba wuta." Wannan gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Amma ba duk aikin gem ake yi a gaban allo ba. Dokokin wasa, taswirar mataki, lissafin maki, duk a littafi ake fara su da biro. Ka tsara da rana, in wuta ta zo ko ka karɓo caji daga shagon mai sola, ka zauna awa biyu ka rubuta abin da ka riga ka gama tunaninsa. Awa biyu kullum ta fi kwas ɗin wata shida na kyanwa.

20/
Uzuri na 4: "Turanci." Harshen Godot sunansa GDScript, ya yi kama da Python sosai. Kalmomin da za ka fara da su: if, else, for, while, var, func, return. Bakwai ke nan. Bakanike a bakin tasha ya haddace sunan kayan inji sama da haka bai shiga aji ba. Baba ya san bambancin NPK da yuriya. Sunayen da za ka raɗa wa abubuwanka kuwa, da Hausa za ka rubuta in ka so: kudi, buhu, taki.

21/
Kuma abin da ka koya a Scratch bai tafi a banza ba, suna kawai ya canza. Bulon koren tuta, wanda ke tashi in an fara wasa, shi ne _ready. Bulon maimaici na har abada shi ne _process. Shelar da wani ɗan hoto ke yi wa sauran, a Godot sigina ake ce mata. Kwafin da aka tsayar maka a 300, a nan instantiate ne, iyakarsa ƙarfin na'urarka. Ka ga ashe rabin hanya ka riga ka taka.

22/
Ga misalin abin da Scratch ya ɓoye maka. A can kowa na gudu 30 a daƙiƙa, don haka "matsa taku 10" ɗaya ne a ko'ina. A duniyar gaske wata waya tana sabunta allo sau 60, wata 120, wata tana jan ƙafa a 25. In ba ka ninka gudun da delta ba, wato ɗan lokacin da ya wuce tsakanin hoto da hoto, jakinka zai yi gudun doki a wayar mai kuɗi. Ranar da ka gane wannan, ka girma.

23/
Sabon abin da zai ɗan ba ka wuya shi ne tsarin nod. Komai a Godot bishiya ce: manomi nod ne, a ƙarƙashinsa akwai hotonsa, da siffar da yake karo da ita, da sautin takunsa. Ka haɗa su ka adana sau ɗaya, sai ka yi ta kiran shi duk inda kake so. Ka gyara na asali, duk sauran su gyaru. Sati guda za ka yi kana tsaki. A sati na biyu za ka ce ina ma tun da.

24/
To in an koma Godot, me za a haɗa? Nan ne haushina na biyu. Yaronmu zai koyi inji, abu na farko da zai yi shi ne wani Bature da bindiga yana harbin aljanu a cikin dusar ƙanƙara. Kai da ba ka taɓa ganin dusar ƙanƙara ba! Mutane dubu nawa suka riga ka yin wannan, da kayan aiki da suka fi naka? Alhali abin da babu wanda ya fi ka sani yana bayan gidanku.

25/
Ku dubi Stardew Valley. Mutum ɗaya, Eric Barone, ya zauna shekara huɗu da rabi ya yi shi: zane, kiɗa, kodin, labari. Ya fito a Fabrairun 2016, an sayar da kwafi sama da miliyan 30. Gem ɗin mene ne? Noma. Kafin shi akwai FarmVille a Facebook a 2009, da Hay Day na kamfanin Supercell na ƙasar Finlan a 2012. Duniya na biyan kuɗi ta yi noman ƙarya a waya. Mu kuma da muke na gaske muna jin kunyarsa.

26/
A cikin waɗannan gem ɗin kana shuka, ka jira, ka girbe, ka yi murmushi. Babu ruwan da ya ɗauke sati uku bayan an yi shuka. Babu ƙuduji. Babu tsutsar masarar nan da ta shigo Najeriya a 2016. Babu dillali. Babu ranar da za ka tsaya ka zaɓa tsakanin buhun taki da kuɗin makarantar yaro. Wato ainihin abin da ke sa noma ya zama wasan dabara, duk sun bar mana shi ba a taɓa ba.

27/
Kuma yankinmu na da abin faɗa. Auduga ce ta ɗaga Funtua da Malumfashi tun zamanin Turawa, da injinan gurza da layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. A tsakiyar shekarun 1970, shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya a Funtua, Gusau da Gombe aka fara shi. Irin SAMMAZ da SAMCOT daga Samarun Zariya suke fitowa. Masakar Funtua, kasuwar hatsi ta Ɗandume. Wannan duk kayan labari ne.

28/
Ka ɗauka gem ne mai suna Damina. Kana da gona da 'yan kuɗi kaɗan. Ruwan farko ya sauka: ka shuka yanzu, ko ka jira ya zauna? Masara mai son taki, dawa mai haƙuri, waken suya, ko auduga? Ka ci bashin taki a biya da buhu in kaka ta yi, ko ka tara takin gargajiya? Ka ɗauki 'yan ƙwadago ko ka kira gayya? Kowane zaɓi lamba ce da if. Babu abin da ya fi ƙarfin GDScript a nan.

29/
Kaka ta yi, farashi ya faɗi don kowa ya kawo kaya kasuwa. Ka sayar yanzu ka biya bashi, ko ka ajiye zuwa bazara ka yi fatan ya tashi, ƙwari kuma na jiran buhunka? Duk ɗan Bakori ya ga mahaifinsa yana wannan lissafin a tsakar gida. Wani ɗan Landan ko Legas sai ya yi bincike na watanni kafin ya gane abin da kai ka tashi a cikinsa. Wannan jari ne, kuma kyauta ka same shi.

30/
Amma a kula, kada Damina ya zama aikinka na farko. Abin da ke kashe sababbin shiga shi ne buri ya fi ƙarfi: a fara ƙaton gem, a yi wata biyu, a watsar. Fara da dara. Gurbi 30, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka cire ɗan abokin karawarka. Babu zane mai wuya, babu gudu. Dokokin kuma ka je dandali ka tambayi dattawa, su ne ƙwararrun.

31/
Dara za ta koya maka jeri a cikin jeri, juyin wasa tsakanin mutum biyu, duba doka kafin a yarda da motsi, da gane lokacin da wasa ya ƙare. In ka sa mutum biyu sun buga a waya ɗaya ba tare da ta tsaya ba, ka wuce duk mai satifiket ɗin kyanwa. In ka koya wa kwamfuta ta buga da mutum, ko da wauta take yi, ka leƙa ƙofar abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira.

32/
Kuma ku yi shi da Hausa. Godot na karɓar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ lafiya lau in ka sa masa salon rubutun da ke ɗauke da su, irin Noto Sans, wanda kyauta ne. Tun daga siga ta 4 yana iya rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, wato ƙofar ajami a buɗe take. Ka naɗi muryar ƙanwarka da waya ta zama muryar gem. Mutumin da ba ya karanta boko ma ya samu ya buga.

33/
Wasu a Afirka sun riga sun tashi. Leti Arts a Gana tun 2009. Kiro'o Games a Kamaru sun saki Aurion a 2016. Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, ya kai ga yin gem ɗin Iwájú tare da Disney a 2024. Cikin gem ɗin Maliyo akwai mai suna Aboki Run. Ban zarge su ba, sun yi aikinsu. Amma ku tsaya ku yi tunani: in ba mu zana kanmu ba, wani zai zana mu yadda ya hango mu.

34/
Yaya za a kai gem ga mutane? Play Store na karɓar dala 25 sau ɗaya, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya samo masu gwaji 12 sun riƙe gem ɗin kwana 14 kafin a sake shi. Steam dala 100 ne kowane gem. Shafin itch.io kyauta ne. Amma kafin duk wannan, kana da Xender, da guruf ɗin WhatsApp, da shagunan masu tura fina-finai a kowace unguwa. APK ɗaya zai iya zaga Malumfashi ba a taɓa data ba.

35/
Maganar kuɗi kuma, ba zan sayar muku da mafarki ba. Yawancin gem ɗin da ake saki a duniya ba sa mayar da kuɗin da aka kashe musu. A bayan kowane Eric Barone akwai dubban da ba a ji sunansu ba. Duk wanda ya ce maka koyon Godot zai sa ka sayi mota baɗi, irin masu satifiket ɗin nan ne ya canza riga. To don me nake ta wannan ihun?

36/
Don abin da ke saura a hannunka ko gem bai kawo ko sisi ba. Wanda ya iya GDScript, Python ba zai zame masa baƙo ba. Ya iya karanta kuskure, ya iya adana aikinsa da Git, ya iya fara abu ya gama. In kuma aiki ya kira shi Unity, Godot ma na karɓar harshen C#, tsallakawar ba nisa. Da wannan ake rubuta manhajar lissafin shagon taki ko ta awon hatsi. Bulon kyanwa ba ya kai ka can.

37/
Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 zamanin minista Bosun Tijani, ya sa haɗa gem cikin fannonin da yake koyarwa. To ranar da irin wannan dama ta zo, ko wani kamfani ya ce "nuna mana aikinka", me za ka miƙa? Hoton ranar yaye ɗalibai? Mai APK a waya zai ce "ga shi, buga ka gani." Magana ta ƙare.

38/
Iyaye za su ce wasa ne. Kada ka yi musu gardama da baki, suna da hujja: sun ga yaran da PUBG da eFootball suka cinye wa dare da kuɗin data. Abin da za ka yi, ka gama darar nan ka miƙa wa Baba wayar ya buga da kawu. Sannan ka ce masa kai ka haɗa. Mai buga gem da mai haɗa gem, bambancinsu kamar na mai sayen atamfa ne da mai masaƙa.

39/
Ga tsari ga mai niyya. Sati 1 da 2: darasin farko da ke cikin takardun Godot, Dodge the Creeps, ka rubuta kowane layi da hannunka, ban da kwafa da mannawa. Sati 3 da 4: ka ɗauko gem ɗinka mafi kyau na Scratch ka sake gina shi a Godot. Wata na 2: dara. Wata na 3: ka fitar da APK, ka ba mutum goma, ka zauna kusa da su ka yi shiru ka ga inda suke maƙalewa.

40/
Mai son bidiyo, tashar Brackeys a YouTube ta dawo a 2024 da darasin Godot na masu farawa, a sauke sau ɗaya a raba. Wanda tsallen ya yi masa nisa, akwai GDevelop a tsakiya, yana fitar da gem na gaske ba tare da rubutu mai yawa ba. Amma ka sa masa wa'adi. In ba haka ba ka canza wurin reno ne kawai, ba ka shiga gona ba.

41/
'Yan mata, da ku nake musamman. A ajujuwan nan an fi barin ku a kan bulo da zane, ana cewa rubutun kodin "ya yi muku nauyi". Ƙanwata, ke da kike riƙe lissafin adashen mutum ashirin a ka, kin san wa ya zuba, wa ya ɗauka, wa ya yi latti, wane if ne zai gagare ki? Aikin nan a ɗaki ake yin shi, da waya ko laftof. Kada ki jira a ba ki izinin wuce aji.

42/
Malaman cibiyoyi, ban ce ku rufe ba. Ku bar Scratch ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare, nan ne gidansa. Babba kuwa sati huɗu ya ishe shi. Ku canza sharaɗin yaye ɗalibi: ba satifiket sai ya tura wa malam gem ɗin da ya buɗe a wayar malam. In ba ku iya Godot ba, ku koya tare da su, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne karɓar kuɗin wata shida a kan ilimin wata guda.

43/
Ɗalibai kuma, gobe in kun shiga aji ku yi tambaya ɗaya cikin ladabi: "Malam, yaushe za mu fara rubuta kodin da hannu?" In an ba ku rana, madalla. In aka fara kame-kame, kun san inda kuka tsaya. Ku haɗu ku uku ko huɗu, mai zane, mai sauti, masu rubutu, laftof ɗaya ma ya isa a fara.

44/
Duk wanda ya gama darar, ya ajiye hoton allonsa a ƙarƙashin zaren nan, zan sauke in buga, in faɗa masa gaskiyar abin da na gani. Wanda ya maƙale a wani jan rubutu shi ma ya ɗauko hotonsa, mu duba tare. Masu ganin na yi tsauri kuma, filin amsa a buɗe yake, amma a zo da APK. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu.